Daga Ƙirgar Wuri Zuwa Kalkuleta

Barkiya gari ne a ƙasar Kurfi, cikin Jihar Katsina, ba shi da nisa ƙwarai da Dutsin-Ma. Mutanensa yawancinsu manoma ne, kamar maƙwabtansu na Birchi da Rawayau da Tsauri da Wurma. Manomi kuwa ba ya rabuwa da lissafi. Da shi yake sanin dami nawa ya sa a rumbu, da nawa zai fitar zakka, da abin da ya kamata a ba shi in ya kai amfaninsa kasuwa. Wanda bai iya ba, sai ya karɓi abin da mai sikeli ya faɗa, ya koma gida zuciyarsa ba ta kwanta ba.

A zamanin yanzu akwai wata 'yar na'ura da ake kira kalkuleta, wadda ta yi arha har makaranta tana iya sayen dozin biyu ko uku a lokaci guda domin aji ɗaya. Kafin a ce a saya ko kada a saya, ya kyautu a san hanyar da aka biyo har aka iso gare ta.

A zamanin da, kuɗin ƙasar Hausa wuri ne, kuma ba a zarge shi a zare kamar yadda ake yi a wasu ƙasashen bakin teku. Sai a zube shi a tabarma, mai ƙirga ya riƙa ja da yatsunsa biyar biyar, yana tara su tsibi tsibi. Dubu ita ce zambar, zambar ashirin kuwa keso ke nan. Wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya ratsa Tasawa da Katsina da Kano cikin 1851. Ya ba da labarin yadda ya ga an ƙirga wuri 500,000 a Tasawa, aikin da sai da mutum biyar ko shida suka taru a kansa. A lokacin nan wuri 2,500 ne ake canzawa da riyal guda na azurfa. Mai karatu ya dubi wahalar mutumin da ya zo sayen doki!

Amma kada a ɗauka iyakar lissafin mutanen da ke nan. Malamai suna da ilmin hisabi, domin ba a raba gado sai da shi. Alƙalin da zai fitar wa matar mamaci tumuni, ya ba uwa sudusi, ya raba saura tsakanin 'ya'ya, namiji rabo biyu mace ɗaya, tilas ya san yadda ake karya adadi. Har akwai wani shehun malami, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya tafi hajji, ya rubuta littafi da Larabci cikin 1732 a kan yadda ake shirya lambobi cikin gidajen hatimi, ta yadda kowane layi aka tara jimla ɗaya za a samu. Ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Sai dai wannan ilmi na 'yan kaɗan ne, bai sauko kasuwa ba.

Da Turawa suka ci ƙasa, suka hana shigowa da wuri, suka kawo nasu kuɗin. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko aka kafa Baitulmali, aka fara rubuta haraji da jangali cikin littattafai. To, a nan ne lissafi ya yi wa talaka nauyi. Anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Ga dari, ga ahu, ga taro da sisi da nai. A ce mutum ya sayar da buhu 7, kowane fam 2 da sule 13 da kwabo 4. Sai ya fara da kwabbai, huɗu sau bakwai ashirin da takwas, watau sule 2 da kwabo 4. Ya koma ga sulalla, goma sha uku sau bakwai casa'in da ɗaya, ya ƙara biyun nan, casa'in da uku, watau fam 4 da sule 13. Sa'an nan ya zo ga fam, goma sha huɗu da huɗu. Jimla fam 18 da sule 13 da kwabo 4. In ya yi tuntuɓe a mataki ɗaya, sule biyu sun tafi, kuma ba mai ce masa ga inda suka faɗi. Manoman gyaɗa da auduga da yawa sun sha wannan a bakin ma'auni.

Makarantun boko su ne suka fara koyar da irin wannan lissafi ga yara aji guda. Ɗan Hausa ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, sa'an nan elementare suka yi ta yaɗuwa zuwa garuruwan hakimai. Kayan aikinsu allo ne da alli, En'e ce ke sayensu da yawa ta rarraba. Yara ƙanana su zo da tsakuwa ko 'yan karare a aljihu, manya su haddace sau da waƙa. Cikin shekarun 1950 aka tashi Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, yana cikin manyan jagororinsa. Magidanta suka zauna a gindin itace da yamma suna koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi. Da yawansu abin da ya kai su ajin bai wuce su iya karanta takardar haraji da lambar sikeli da idonsu ba.

A can ƙasashen Turai kuwa, an daɗe ana neman injin da zai ɗauke wa mutum wannan wahala. Cikin 1642 wani saurayi Bafaranshe, Blaise Pascal, ya ƙera wani akwati mai haƙoran ƙarfe domin ya taimaki ubansa, wanda ke aikin haraji. Kuɗin Faransa na lokacin su ma sha biyu da ashirin ake lissafa su, saboda haka ya sa wa wasu ƙafafun injin haƙora daidai da wannan. 'Yan kaɗan aka yi, don tsada. Aka daɗe injin lissafi yana nan abin ofis da banki, mai nauyi. Cikin 1961 wani kamfani a Ingila ya fito da mai aiki da lantarki, sunansa ANITA. Girmansa ya kai na keken rubutu, kuɗinsa ya haura fam 300. Ba makarantar ƙauye ba, ko En'e sai ta yi shawara kafin ta saya.

Abin da ya karya farashin shi ne gasar da kamfanonin Japan da Amurka suka shiga, bayan an gano yadda za a cusa dukan aikin injin cikin wani ɗan ƙanƙanin guntu da bai kai farce ba. Cikin watan Agusta 1972 kamfanin Casio ya fito da Casio Mini a kan yen 12,800, wajen sulusin abin da ake sayar da irinsa a lokacin. Kafin shekara ta zagayo an sayar da miliyan guda. Daga nan kowace shekara sai ya ƙara araha, ya ƙara ƙanƙancewa. Kafin 1980 an sami mai cin hasken rana, wanda ba ya bukatar a riƙa canza masa batir.

Wani abin lura shi ne, wata biyar bayan fitowar Casio Mini, ran 1 ga Janairu 1973, Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, kwabo ɗari naira. Ba shiri aka yi tsakanin Legas da Tokiyo ba, dacewa ce kawai, amma ta yi amfani ƙwarai. Ƙaramar kalkuleta goma goma ta sani, ba ruwanta da sha biyu ko ashirin. Da ta zo a zamanin sule, da mai buhu bakwai ɗin nan bai ƙaru da ita ba sai kaɗan. Da ta tarar da naira, sai ta shige kasuwa kai tsaye, ta zauna a teburin mai shago da hannun dillalin hatsi tun kafin ta taka ƙofar aji.

Makaranta ta yi jinkirin karɓarta, kuma malamai suna da hujja. Cikin 1976 aka fara shirin ba da ilmin furamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa har benci ya kasa, balle a yi zancen inji. 'Yan sakandare kuwa da ɗan littafin jadawalin lambobi suke shiga jarrabawa. Tsoron malamai shi ne yaro ya dogara ga maɓalli ya bar kansa ya yi tsatsa. Ba a nan kaɗai aka yi wannan gardama ba. A Ingila sai da gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Dokta Cockcroft, wanda cikin 1982 ya ba da shawarar a yi amfani da kalkuleta a makarantu, tare da ƙarfafa lissafin ka. A nan Afirka ta Yamma hukumar jarrabawa ta WAEC ta yarda da ita daga baya, muddin ba mai ajiye rubutu ba ce. Da satar amsa ta yi yawa, wajen 2014 hukumar ta shiga samar wa ɗalibai tata iri ɗaya. Hukumar JAMB kuwa, da ta mai da jarrabawarta duka kan kwamfuta cikin 2015, sai ta sa kalkuletar a fuskar kwamfutar.

To, a nan ne maganar ta shafi yaron Barkiya. Ranar jarrabawa za a zaunar da shi tare da yaron birni wanda ya saba da na'urar tun yana ƙarami. In shi bai taɓa danna ta ba sai ran nan, lokacinsa zai ƙare wajen neman maɓalli. Wannan ita ce babbar hujjar masu cewa makaranta ta sayi nata, ta sa wa kowace lamba, a ajiye a akwati, a raba in darasi ya zo, a ƙirga a mayar in an tashi, kamar yadda aka yi da allunan En'e. Da haka ɗan mai hali da ɗan marashi abu ɗaya ke gabansu. Wayar hannu tana da kalkuleta, gaskiya ne, amma ba a shiga da ita jarrabawa, kuma ba kowane gida ke iya ba yaro ba.

Masu tsoro su ma ba su yi ƙarya ba. Na'urar ba ta san an yi kuskure ba. In yatsa ya zame ya ƙara sifiri, za ta nuna 18,000 a gurbin 1,800 ba tare da ta ji kunya ba, kuma wanda ya san sau ne kaɗai zai ce a'a, buhu bakwai ba su kai haka ba. Don haka malaman da suka ƙware, irin waɗanda ake horarwa a Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma, ya kamata su sa yaro ya kintata amsa da ka tukuna, sa'an nan ya danna ya gani.

Wajen saye kuma akwai abin da shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye za su kula. Sari a katan ya fi saye ɗai ɗai sauƙi, amma jabu sun yi yawa a kasuwa, masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. A nemi mai maɓallai manya, mai cin hasken rana, a kuma tanadi akwati mai murfi saboda ƙurar hunturu. Mafi muhimmanci, su zama duk iri ɗaya. Dalili kuwa, in aka danna 2 a tara da 3 sau 4, ƙaramar kalkuleta ta kasuwa 20 za ta nuna, don tana bin lambobi yadda suka zo. Ta 'yan sakandare kuwa, wadda ta san ana fara yin sau kafin tarawa, 14 za ta nuna, ita ce kuma amsar da littafi ke so. Ajin da aka gauraya iri biyun nan, rabin yara za su rantse da 20, rabi da 14. Wanda aka aika sari ya yi wannan ɗan gwaji a gaban mai shago kafin ya biya kuɗi.