Tarihinmu na Jos da Binciken 'Ya'yanmu na Jami'a

Kowa ya san ɗalibin tarihi ba ya karɓar digirinsa na farko sai ya rubuta kundin bincike a shekararsa ta ƙarshe. Mu da yawa mun ɗauki wannan aiki sharaɗin cin jarrabawa ne kawai, yaro ya yi ya huta. To amma ga mu Hausawan Jos, wannan kundi hanya ce ta adana labarin zamanmu a garin nan tun kafin masu labarin su ƙare.

Jami'ar Jos ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Ba da daɗewa ba sashen tarihi ya soma tura ɗalibai ƙauyuka su zauna gaban dattawa su rubuta abin da suka ji. Wata malama, Elizabeth Isichei, ta tattara irin waɗannan hirarraki aka buga a 1981, a 1982 kuma ta shirya littafi kan tarihin Jihar Filato. Da yawa daga dattawan da aka yi hira da su sun daɗe da rasuwa, amma maganarsu na nan a takarda, jikokinsu na karantawa. Aikin ɗalibi ke nan, da ake rainawa.

Mu fa, me ke jiran yaranmu? Abu na farko kuza. Tun kafin Turawa su zo, maƙeran Liruwe suna narka ta, fatake na kai ta kasuwanni. Da kamfanonin Turawa suka kafa haƙa a farkon ƙarni na 20, sai mutane suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi da Barno. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, babban layi daga Kafanchan ya iso a 1927. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta kwaso mutane aikin tilas, sanyi da cuta suka kashe da dama. Bill Freund ya rubuta littafi a kan ma'aikatan kuza a 1981, amma me leburan suka ci, wace waƙa suka yi a bakin rami, wa ya koma gida wa ya zauna? Wannan sai a bakin 'ya'yansu. Sunayen barikokin ma kansu tarihi ne: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Mai Idon Toro, Sabon Gidan Kanar. Haka a cikin gari muna da Ali Kazaure, Ibrahim Katsina, Garba Daho, Abba Na Shehu da Sarkin Arab. Kullum muna kiran sunayen nan, amma yaro nawa ne zai iya faɗa maka su wane ne mutanen?

Abu na biyu tarihin zane da sana'ar hannu. A nan labarin Nok ya ishe mu darasi. A farkon shekarun 1940 aka tsinci wani kan mutum-mutumi na yumɓu a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doya don tsorata ɓarna. Sai da ya kai hannun Bernard Fagg aka gane darajarsa, daga baya aka tabbatar irin waɗannan sassaƙe sun haura shekara 2,000. Fagg ɗin ne ya kafa gidan kayan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda har da tarin littattafan Larabci rubutun hannu. A gefensa akwai filin gine-ginen gargajiya da Farfesa Dmochowski, mutumin Polan, ya tsara, inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu. To abin da ya faru da kan Jama'a yana faruwa a gidajenmu. Allon zayyana, tsohuwar riga mai aska takwas, aikin dukawan Naraguta, zanen ƙofar zaure, hoton kaka a ɗaurin aure, katin aikin kamfani, duk suna cikin adaka asu na ci.

Kuma lokaci ba ya jira. Mun ga rikicin 12 ga Afrilu 1994, da na Satumba 2001, da Nuwamba 2008, da Janairu 2010. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairu 2002. Duk gidan da ya ƙone, takardunsa sun tafi, duk tsohon da ya yi ƙaura ya tafi da labarinsa.

Sai dai akwai jan kunne. Maganar wa ya riga wa zama a Jos ta ci rayuka, saboda haka ɗalibinmu kada ya shiga bincike da amsa a aljihu. Ya ji ta bakin kakansa, ya je ya ji ta bakin dattawan Birom, Anaguta da Afizere, sannan ya gwada da takardun da ke ma'ajiyar gwamnati ta Kaduna da Gidan Arewa. Inda magana ta saɓa, ya rubuta duka biyun. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kundin da aka gina da son kai tambaya ɗaya ke rushe shi.

Namu aikin iyaye mai sauƙi ne. Idan yaro ya yi sallama da littafi da rakoda, ko ɗan wane ne, a shimfiɗa masa tabarma. A buɗe adaka ya ɗauki hoto, a riƙe na asali. Shi kuma idan ya gama, ya kawo kofe ɗaya ofishin ƙungiya, kada ya ƙare a kantar sashe ƙura na binne shi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yi wa zuri'a albarka, ya zaunar da Jos lafiya, amin.