Amincin Baƙo da Yawon Buɗe Ido a Jamhuriyar Benin: Nazari Daga Zangon Kwatano Tare da Waiwayen Haiti

Tsakure

Tun 2016 gwamnatin Jamhuriyar Benin ta ɗauki yawon buɗe ido a matsayin ginshiƙin tattalin arziki, a daidai lokacin da hare-haren 'yan bindiga ke ƙaruwa a arewacin ƙasar. Wannan maƙala ta duba yadda aka bi da wannan saɓani, ta kwatanta shi da abin da ya faru a Haiti, sannan ta tsaya a unguwar Zango ta Kwatano, inda aka daɗe ana saukar wani irin baƙo da tallan gwamnati ba ya ambato. Hujjarta ita ce amincin baƙo ya fi rataya a kan hanyar da ya bi da mutumin da ya karɓe shi, fiye da sunan da ƙasar ta yi a duniya. An dogara da rubuce-rubucen masana a kan zanguna da kuma sanarwar hukumomi.

1.0 Gabatarwa

Shugaba Patrice Talon ya hau mulki a watan Afrilun 2016, kuma kafin shekarar ta ƙare ya ƙaddamar da shirinsa mai suna Bénin Révélé. Ƙasar ta soke biza ga 'yan Afirka, ta fara bayar da biza ta intanet a 2018. A Nuwamban 2021 Faransa ta dawo da kayan tarihi 26 na masarautar Dahome waɗanda sojojinta suka kwashe daga Abome a 1892, aka baje kolinsu a fadar shugaban ƙasa a 2022. A ranar 30 ga Yulin 2022 aka buɗe mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsayin mita 30 a Kwatano. Bikin Vodun na ranar 10 ga Janairu a garin Wida shi ma an faɗaɗa shi tun 2024 ya zama na kwanaki.

Duk waɗannan a kudu suke. Abin da ƙasar ta fi tinƙaho da shi a da kuwa, wato gandun dajin Panjari mai zakuna da giwaye, yana can arewa maso yamma, a kan iyakar Burkina Faso, kimanin kilomita 600 daga Kwatano. Tambayar maƙalar ita ce: idan ɓangare ɗaya na ƙasa ya zama wurin tsoro, me ke riƙe baƙo a ɗaya ɓangaren, kuma wane baƙo ake nufi?

2.0 Abin da ya faru a arewa

A 2017 gwamnati ta miƙa kula da Panjari ga ƙungiyar African Parks, kuma a shekarar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gadon duniya tare da dazukan W da Arli. A ranar 1 ga Mayun 2019 aka yi garkuwa da Faransawa biyu a cikin dajin, aka kashe ɗan jagoransu, Fiacre Gbédji. Bayan kwana tara sojojin Faransa suka kuɓutar da su a arewacin Burkina Faso, inda sojoji biyu suka rasa rayukansu. Jaridun Turai sun cika da sunayen Faransawan huɗu, wato waɗanda aka sace da sojojin da suka mutu. Sunan ɗan jagoran sai daga baya ya samu gurbi, bayan 'yan Benin sun yi ƙorafi.

Daga nan abin ya ci gaba. An kai wa sojoji hari a Porga a Disamban 2021. A Fabrairun 2022 nakiyoyin da aka binne a dajin W sun kashe mutum tara. A ranar 8 ga Janairun 2025 an kashe sojoji 28 a kusa da mahaɗar iyakokin Benin da Nijar da Burkina Faso, sannan gwamnati da bakinta ta amsa mutuwar sojoji 54 a harin ranar 17 ga Afrilu, wanda ƙungiyar JNIM ta ɗauki alhakinsa. Ma'aikatar harkokin wajen Faransa ta shafa wa yankin iyakar jan launi a taswirarta, ma'ana kada kowa ya je. Kwatano kanta ba ta tsira daga girgiza ba: a ranar 7 ga Disamban 2025 wasu sojoji sun sanar da juyin mulki a gidan talabijin na ƙasa, aka murƙushe yunƙurin da taimakon Najeriya.

3.0 Haiti da dabarar katanga

Ba don nisa aka zaɓi Haiti ba, sai don kusanci. Da yawa daga bayin da aka kai can ta gaɓar Wida aka fitar da su, addinin Vodu na Haiti kuma daga wannan yanki ya samo tushe. A garin Allada akwai mutum-mutumin Toussaint Louverture, jagoran tawayen da ya kai Haiti ga 'yanci a 1804, saboda ana danganta mahaifinsa da gidan sarautar garin. Baƙin da Benin ke zawarci a yau, har da dokar 2024 da ta ba jikokin bayi damar neman zama 'yan ƙasa, daga irin waɗannan ƙasashe suke.

Haiti tana da abin kallo, kamar ganuwar Citadelle da UNESCO ta amince da ita a 1982. Sai dai hanyar da ta fi kawo mata baƙi ita ce Labadi, wani ɗan tsibiri-tsibiri a gaɓar arewa da kamfanin jiragen ruwa na Royal Caribbean ya karɓa haya tun shekarun 1980, ya kewaye shi da shinge da masu gadi. Baƙo zai sauka da safe, ya yi wanka a teku, ya koma jirgi kafin magariba, bai ga Haiti ba. Kwanaki kaɗan bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010 jiragen suka ci gaba da zuwa. Amma shingen bai dawwama ba. An kashe Shugaba Jovenel Moïse a ranar 7 ga Yulin 2021, gungun 'yan daba suka mamaye mafi yawan babban birnin, kuma a Maris 2024 kamfanin ya dakatar da zuwa Labadi duk da nisanta da inda ake faɗan. A Nuwamban shekarar aka harbi jirgin Spirit Airlines yana shirin sauka a Port-au-Prince, Amurka ta hana jiragenta zuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum fiye da 5,600 da aka kashe a 2024.

Darasin da ya shafi wannan nazari shi ne, amincin da aka gina da katanga a hannun kamfani yake, kuma kamfani yana iya janyewa rana ɗaya ba tare da shawara da kowa a gari ba. Benin ba ta kai ko kusa da halin Haiti ba, kuma zalunci ne a daidaita su. Duk da haka manyan otal-otal da wuraren shaƙatawa da ake jerawa a gaɓar teku tsakanin Kwatano da Wida suna da kamannin wannan dabara, domin an tsara su ne yadda baƙo zai zo ya koma bai ratsa cikin gari ba.

4.0 Zango da tsarin fatoma

Unguwar Zango tana tsakiyar Kwatano, ba nisa da tashar jiragen ruwa da tashar jirgin ƙasa da tashar motoci ta Jonke, wadda ta yi suna da 'yan canji. Babban masallacinta na cikin fitattun masallatan Juma'a na birnin. Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da Yarbawa duk suna cikinta, Hausa kuwa tana cikin harsunan ciniki. Irin wannan unguwa ba sabon abu ba ne a ƙasar. Mahdi Adamu (1978) da Paul Lovejoy (1980) sun nuna yadda ayarin fataken goro daga Kano da Sakkwato ke ratsa Nikki da Zugu a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja, suna yada zango a unguwannin baƙi. Da ciniki ya karkata zuwa teku a zamanin mulkin Faransa, kuma aka shimfiɗa layin dogo daga Kwatano zuwa Paraku, sai masaukan suka bi shi kudu.

Baƙon Zango na yau ɗan kasuwa ne daga Kano ko Maraɗi ko Birnin Ƙwanni ko Gaya. Ya zo sayen mota 'yar Kwatano a filayen da ke hanyar Seme, ko dilar gwanjo a kasuwar Misebo, ko atamfa a Dantokpa. Akwai direban babbar mota mai jiran kaya a tashar jiragen ruwa, da ɗalibi, da mai neman biza, da mai ziyarar dangi. Yana kwana, yana cin abinci, yana canja naira zuwa sefa, yana hawa bayan zemijan, wato ɗan acaɓa mai rigar ɗorawa, kuma idan ciniki ya lafa yakan je bakin teku ya ɗauki hoto a gaban mutum-mutumin jarumar nan kamar kowa. A ma'aunin hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya kwana a wata ƙasa don kasuwanci ko ziyara baƙo ne da ya cancanci ƙirge. Amma wanda ya shigo ta ƙasa da katin ECOWAS, ya sauka a gidan mutum, ba ya shiga rajistar otal.

Me ke tsare wannan baƙo? Polly Hill (1966) a Kumasi da Abner Cohen (1969) a unguwar Sabo ta Ibadan sun bayyana tsarin dalla-dalla. Fatoma, wanda ake kira mai gida, yana ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kuɗi da kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da bashi, ya ci la'ada idan ciniki ya faɗa. Idan rigima ta taso akwai sarkin zango da limami kafin a kai ga hukuma. Michel Agier (1983) ya tarar da irin wannan a Zangon Lome, maƙwabciyar Kwatano. Muhimmin abu a nan shi ne inda hasara ke faɗawa. Idan aka cuci baƙo, labari zai riga shi isa kasuwar Kantin Kwari ta Kano, kuma fatoman ya rasa baƙin garin gaba ɗaya. Jarinsa mutuncinsa ne, ba ya kuma iya naɗe shi ya koma wata ƙasa kamar yadda jirgin ruwa ke sauya tasha. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, kuma Zango ta mayar da wannan magana sana'a.

Kada a ƙawata abin fiye da kima. Akwai fatoman da ke haɗa baki da dillali a kan baƙonsa, kuma wayar hannu da tura kuɗi ta banki sun rage buƙatar mai ajiya. Tsarin yana maganin zamba da sata da ɓacewa a birnin da ba ka jin Faransanci ko Fon. Ba ya maganin nakiya a hanya.

5.0 Wanda rashin tsaro ya fi taɓawa

A nan ne lissafin hukuma ya fi karkacewa. Bature mai zuwa Wida yana sauka a filin jirgin saman Kwatano, ba abin da ya haɗa shi da arewa. Idan Panjari ta rufu sai ya tafi Ganvié ya ga gidajen da ke kan tafkin Nokuwe. Baƙon Zango kuwa hanyarsa ce ta ratsa inda ake tsoro. Daga Malanbil a bakin kogin Kwara zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, ta Kandi da Paraku, kuma farkon hanyar yana gefen dajin W.

Siyasa ta ƙara masa nauyi. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokin baki ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Matafiya suka koma tsallaka kogi da kwale-kwale, kayan Nijar da yawa suka karkata zuwa tashar Lome. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai yana nufin ɗakunan da babu baƙi a Zango da 'yan canji da ke zaune ba ciniki, amma ba a lissafa shi cikin hasarar yawon buɗe ido.

Akwai kuma batun zato. Musulmi kashi 27.7 cikin ɗari ne na al'ummar Benin a ƙidayar 2013, kuma ƙasar ta yi suna da zaman lafiya tsakanin addinai. Sai dai idan masu kai hari daga Sahel suke fitowa, mai rawani ko doguwar riga da ya taso daga arewa yakan zama wanda aka fi tsayarwa a shingen bincike, abin da Fulani suka fi kowa ɗanɗana a yankin. Gyaran birni ma yana da nasa tasirin. A farkon 2017, lokacin da ake rusa rumfunan gefen titi a Kwatano, gwamnati ta hana yin ibada a kan tituna, matakin da ya taɓa sallar Juma'a kai tsaye har sai da shugaban ƙasa ya zauna da limamai. Unguwa mai cunkoso a ƙasa mai tsada kusa da tashar jiragen ruwa tana da dalilin fargaba, musamman ganin cewa an rushe tsohon Zangon Lome a 1977 aka mayar da mutanensa bayan gari.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne hukumar da ke son sanin halin da baƙuncin ƙasar ke ciki ta fara da ƙirga masu shigowa ta Malanbil da Seme da Igolo bisa dalilin zuwansu da yawan kwanakinsu, ta kuma nemi fatomomi da sarakunan zango a matsayin abokan aiki. Su ne suka san wanda ya zo, wanda ya turo shi, da ranar da ya kamata ya isa gida, kuma su ake fara bugo wa waya daga Kano ko Maraɗi idan bai isa ba.