Daga zauren alƙali zuwa ma'aikatar shari'a

Mutane da dama a ƙasarmu suna ɗauka ministan shari'a shi ne babban alƙalin Nijar, wanda zai iya ɗaure wanda ya so ya saki wanda ya so. Ni kuwa a matsayina na malamin makaranta, ina ganin tarihi zai taimaka mana mu gane inda wannan fahimta ta samo tushe.

Kafin zuwan Nasara, shari'a tana hannun sarakuna da alƙalansu. A Damagaram, misali, alƙali yana hukunci da fiƙihun Malikiyya, manyan laifuka kuma sai a kai su gaban sarki. Da Faransawa suka zo, suka ɗora dokar da ake kira indijena, wadda ta ba kumandan ikon kulle talaka ba tare da zaman kotu ba. Mutum ɗaya ne yake mulki, yake tuhuma, yake hukunci. An soke dokar a 1946, tare da aikin tilas, amma tunanin cewa mai mulki shi ne mai hukunci ya zauna a zukatan mutane.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta shiga gina nata tsari. An yi kundin hukunta laifuka a 1961, sannan dokar 16 ga Maris 1962 ta tsara kotuna. An sake ta a 2004, aka kuma sake a 2018. Laƙabin mai ajiyar hatimin ƙasa da ake yi wa minista, daga Faransa muka gaje shi.

Aikin ma'aikatar shi ne shirya daftarin dokoki, samar wa kotuna ma'aikata da kayan aiki, da kula da gidajen kaso. Masu gabatar da ƙara da sunan jama'a suna ƙarƙashin ikon minista. Amma alƙalin da ke yanke hukunci, a ƙa'ida doka kaɗai yake bi. A nan ake yawan jayayya, domin naɗi da canjin wurin aiki suna bi ta hannun masu mulki, kuma alƙalin da ke fargabar a jefa shi nesa da iyalinsa ba lallai ya yi hukunci da natsuwa ba. Ƴancin alƙalai yana cikin manyan batutuwan da aka tattauna a babban taron shari'a na Yamai a 2012.

Tsarin bai watsar da al'ada ba. A kan aure, saki, gado da rikicin gona, kotu tana duba al'adar masu ƙara, tare da mataimaka masana al'ada, sarakunan gargajiya kuma suna da ikon sasantawa. Sai dai shari'a da Faransanci ake yin ta, manomin Tasawa ko Madawa sai ta bakin tafinta. Shekaru da yawa kuma, kotunan ɗaukaka ƙara a Yamai da Damagaram kawai suke. A 2011 aka kafa hukumar taimaka wa marasa hali a gaban kotu, amma ƴan ƙauye nawa suka san da ita?

Don haka idan za mu auna minista, mu duba ko kotu ta matso kusa da jama'a, da kuma wata nawa mutum yake yi a kaso kafin ya ga alƙali. Wannan ne aikinsa, kuma a kansa ya kamata mu tambaye shi.