Daga Riƙo Zuwa Fatauci: Tarihin Aikatau na Yara a Kwatano

1.0 Gabatarwa

Asalin ma'anar kalmar zango shi ne wurin da ayarin fatake ke sauka su huta. A ƙarni na 19, fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ratsa ta Nikki da Djougou, a arewacin ƙasar da ake kira Jamhuriyar Benin a yau. Da tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta bunƙasa a zamanin mulkin Faransa, sai 'yan kasuwar arewa suka gangaro bakin teku, unguwar da suka zauna kuma ta ci sunan Zongo. Wanda ya taka daga Zongo ko Sainte-Rita zuwa kasuwar Dantokpa a shekarun 1990, zai yi ta cin karo da 'yan mata ƙanana ɗauke da farantin talla, da yawansu ba a gaban iyayensu suke ba. Wannan takarda za ta bibiyi yadda tsohuwar al'adar riƙo ta rikiɗe ta zama fatauci, da kuma matakan da aka ɗauka a kai.

2.0 Riƙo da Vidomègon

Abin da Bahaushe ke kira riƙo, shi ne mutanen Fon na kudancin Benin ke kira vidomègon, wato yaron da aka ajiye a wurin wani. A da, talakan ƙauye yakan miƙa ɗiyarsa ga ɗan'uwa mai hali a birni. Ita ta taya aikin gida, shi kuma ya ciyar da ita, ya koya mata sana'a, ya yi mata aure. Abin da ke riƙe da wannan tsari shi ne zumunci da jin kunya, domin mariƙin da ya wulaƙanta ɗan riƙo zai haɗu da iyayensa a wurin suna ko jana'iza.

Matsin tattalin arziki ne ya sassauta wannan igiya, musamman bayan da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994. Dillalai suka riƙa shiga ƙauyuka, suna ba iyaye ɗan abin da bai taka kara ya karya ba tare da alkawarin makaranta, su kai yaran gidajen da ba dangin iya ba na baba. Daga nan kunya ta kau, tun da mariƙi da mahaifi ba su san juna ba.

3.0 Abubuwa Biyu da Suka Tona Asiri

Na farko shi ne jirgin ruwa mai suna Etireno. Ya bar Kwatano a ƙarshen Maris na 2001 zuwa Gabon, aka hana shi sauke fasinja a Libreville, aka kuma kore shi daga Douala ta Kamaru. Labari ya bazu a duniya cewa yara kusan 250 ne a ciki. Da ya dawo Kwatano ranar 17 ga Afrilu, yara 43 aka samu. Adadin bai kai yadda aka zata ba, amma idon duniya ya riga ya dawo kan Benin.

Na biyu ya faru a 2003, lokacin da aka gano yaran Benin suna haƙar tsakuwa a ramukan da ke kewayen Abeokuta a Jihar Ogun, da yawansu 'yan yankin Za-Kpota. An mayar da 116 gida a watan Satumba, wasu 74 kuma a Oktoba.

4.0 Dokoki

A shekarar 2001 Benin ta amince da Yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 1999. Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, ƙasashen biyu kuma suka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da safarar mutane a 2005. A 2006 Benin ta kafa dokar da ta haramta fataucin yara, ta kuma soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati. Kundin dokokin yara ya biyo baya a 2015.

Abin lura shi ne, Yarjejeniya ta 182 ta jera fataucin yara da tilasta musu shiga yaƙi a layi ɗaya, a matsayin nau'o'in bauta. Dalilin a fili yake. Yaron da aka raba da iyayensa, ba makaranta, ba mai tambayar inda ya kwana, shi ne wanda mai ramin tsakuwa ke nema, shi ne kuma wanda madugun 'yan tawaye ya nema a yaƙin Laberiya da Saliyo.

5.0 Kammalawa

Doka tana iya tare dillali a kan iyakar Seme, amma da wuya ta leƙa cikin gida, inda uwar ɗaki za ta ce yarinyar ɗiyar ƙanwarta ce. Riƙo na gaskiya bai mutu ba, kuma marayu da yawa ta hanyarsa suka zama mutane. Saboda haka ma'aunin da ya rage a hannun maƙwabta da malaman unguwa tambayoyi uku ne: Shin yarinyar tana zuwa makaranta? Shin iyayenta sun san ƙofar gidan da take? Kuma aljihun wa kuɗin tallarta ke shiga?