Labarin Ɗab'i da Sana'ar Sanyi a Duwala

Ranar jubili rana ce ta waiwaye. Mutum ya kan tsaya ya dubi hanyar da aka biyo, ya tuna da waɗanda suka share ta. To, 'yan'uwa, bari mu ba ku labarin yadda koyon sana'a ya soma a Duwala, babbar tashar jiragen ruwa ta Kamaru, da yadda ya shafi Hausawa mazauna New Bell.

Saker da injinsa

A cikin 1845 wani Bature mutumin Ingila, Alfred Saker, na Mishan Baptis, ya sauka a bakin kogin Wuri, ya zauna a garin Sarki Akwa. Kafin ya zama mai-wa'azi, mai zanen injuna ne a maƙerar jiragen ruwa ta Devonport, saboda haka hannunsa ya san ƙarfe da katako. Da ya ga gara da ruwan sama suna cinye gidan katako, sai ya shiga gasa tubali, ya koya wa samarin Duwala gini da kafinta da ƙira.

Amma aikin da ya fi cin ransa shi ne ɗab'i. Wani ɗan'uwa daga Jamaika, Joseph Merrick, ya riga shi kafa inji a Bimbia, yana buga littattafai da harshen Isubu, har ya rasu a 1849. Saker kuwa ya ɗauki harshen Duwala. Ɗab'in zamanin nan aikin haƙuri ne ƙwarai. Kowane harafi ɗan guntun dalma ne, a juye yake kuma. Sai mai aiki ya tsince su ɗaya ɗaya ya jera, ya ɗaure shafi, ya shafa tawada, sa'an nan ya danna takarda da ƙarfin damtse. In an gama, a warware haruffan a mai da kowanne gidansa, a soma wani shafi. Da haka aka fitar da Sabon Alkawari a 1862, aka kuma gama Littafi Mai Tsarki duka a 1872, watau shekara 27 bayan saukarsa.

Kada ku zaci kowa ya yarda da wannan hanya. Waɗansu abokan aikinsa sun kai ƙara Ingila, suka ce ya bar wa'azi ya koma tubali, suka kuma zarge shi da tsananta wa ma'aikata. A 1869 sakataren Mishan, Edward Underhill, ya zo da kansa ya bincika, aka bar Saker ya ci gaba da aikinsa. Ya koma gida a 1876, ya rasu a 1880. Amma gardamar ba ta mutu tare da shi ba: shin aikin hannu ilimi ne, ko kuwa mafakar wanda karatu ya gagara?

Yadda aka yi New Bell

Jamusawa suka karɓi ƙasar a 1884, Mishan Basel kuma ta gaji aikin Baptis a 1886. A zamanin Jamus ne Hausawa suka yawaita a bakin teku. Waɗansu fatake ne da suka biyo ta Adamawa, ta Banyo da Tibati da Yoko, da haja da shanu. Waɗansu kuma an ɗauke su aikin soja.

Daga baya Jamusawa suka ƙudura su ta da mutanen Duwala daga bakin kogi su mai da su baya, su bar fili tsakaninsu da Turawa. Sabon wurin shi ne New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi tsayayya da wannan ƙwace, aka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. Mutanensa da yawa ba su yarda su dawwama a can ba, sai wurin ya zama zangon baƙi: Hausawa, da Bamileke, da Basa, da sauran kabilu. Hausawa, galibinsu Musulmi, suka riƙe sana'o'in da suka gada, fawa da ɗinki da fatauci, ɗa yana koyo a gaban ubansa ko maigidansa. Ashe koyon sana'a ba baƙon abu ba ne gare mu.

Inda ɗab'i da sanyi suka haɗu

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mai buga littafi da mai gyaran firji? Ga amsa. A 1902 wata maɗaba'a a birnin New York ta Amurka ta sha wahala, gama danshi ya kan kumbura takarda, launuka su ƙi hawa daidai. Wani saurayi injiniya, Willis Carrier, ya ƙera na'ura mai tsotse danshi daga iska, daga nan ne na'urar sanyaya ɗaki ta samo asali. Duwala kuwa gidan danshi ce. Ruwan da ke sauka a can a shekara ya wuce milimita 3,500, ya ninka na Kano sau uku ko fi. Can takarda ta kan yi laushi, nama da kifi su kan lalace da wuri. Da aka soma samun lantarki daga madatsar Edea a shekarun 1950, jirgin ƙasa kuma ya kai Ngaundere ta masu shanu a 1974, sai bukatar ɗakin sanyi ta taso har ga mahauci.

Abin da ake koyarwa

Bayan Kamaru ta sami 'yanci ran 1 ga Janairu 1960, makarantun sana'a suka yawaita. A 1979 aka buɗe ENSET a Duwala domin horar da malamansu. Yaro ya kan yi shekara 4 ya sami takardar CAP, in ya ƙara 3 ya zauna jarrabawar bakaloriya ta sana'a; sashen sanyi shi ake kira F5.

Darasin fari shi ne, ba a ƙera sanyi, zafi ake kwashewa. Kwamfireso ya matsa gas ya yi zafi, gas ɗin ya zubar da zafinsa waje ya zama ruwa, ya bi ta ƙanƙanen bututu, ya sake zama gas yana shanye zafin da ke ciki. Dole ɗalibi ya iya lissafi da lantarki da walda, ya kuma san cewa tun yarjejeniyar Montreal ta 1987 aka shiga daina tsohon gas mai ɓata sararin sama. Mai koyon ɗab'i kuma ya bar dalma. Yanzu da kwamfuta ya ke tsara shafi, ya raba hoto launi huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, ya daidaita su a kan inji kada ɗaya ya goce ko da gashi guda.

'Yan'uwa, wannan ya isa amsa ga tsohuwar gardamar nan. Manzo Bulus da kansa maɗinkin tanti ne. In ɗanku ya nuna yana da hannu, kada ku ce ya kāsa. Ku kai shi inda zai haɗa karatu da sana'a, ku kuma hore shi ya faɗa wa mai kaya gaskiyar abin da ya lalace, ya karɓi ladan da ya dace. Littafin da ke hannunku ma, wani ne ya tsaya gaban inji kafin ya iso gare ku.