Wa'adin Kai Ƙarar Fyaɗe a Ƙasar Kabi

Tun kafin Turawa su shigo Argungu a 1902, alƙalan ƙasar Kabi da na Gwandu suna hukunci ne bisa mazhabar Malikiyya. A wannan mazhaba daɗewar laifi ba ta kayar da haddi, saɓanin Hanafiyya, inda jinkirin shaidu yake iya ɓata shaidarsu. Amma kada a ɗauka lokaci ba shi da tasiri. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa macen da aka gani da ciki, ta ce tilasta mata aka yi, ba a gaskata ta sai da hujja, kamar a ce ta zo tana neman agaji a lokacin da abin ya faru, ko ta zo tana zubar da jini. Ashe ke nan kunyar da ta hana yarinya magana tana iya komawa hujja a kanta.

Wa'adi na ƙidayar kwanaki kuwa baƙo ne. Dokar laifuffuka da Lugga ya kafa wa Arewa a 1904, wadda aka shimfiɗa wa Nijeriya duka a 1916, an aro ta ne daga Ostireliya. Sashenta na 218, mai magana kan lalata ƙananan yara mata, ya ce lalle a fara shari'a cikin wata biyu da aikata laifin, kuma ba a kama mutum da shaidar mutum ɗaya tak. Hujjar masu irin wannan doka ita ce tsoron ƙazafi. To, amma a dubi yarinya a gari kamar Gulma. Kafin ta iya faɗa wa uwarta, uwar ta faɗa wa uba, uban ya shawarci dangi, a je wajen hakimi, wata biyu sun shuɗe. Sau da yawa ma ciki ne yake tona asiri, shi kuwa ba ya bayyana cikin wannan ɗan lokaci. Sauƙin abin shi ne yawancin shari'un talakawa a ɗakin alƙali suke ƙarewa, inda wannan sashe ba ya aiki.

A 1960 Gwamnatin Sardauna ta fara aiki da dokar Final Kod, wadda aka tsara bisa ta Sudan. Sashe na 282 ya bayyana fyaɗe ba tare da gindaya wa'adi ba, shi kuwa sashe na 218 ya ci gaba da aiki a Kudu. Jihar Kebbi, wadda aka kafa a 1991, ta gaji Final Kod, sa'an nan a 2000 ta maido da hukuncin Shari'a kan laifuffuka, aka sake komawa ga tambayar Malikiyya ta dā: yaushe yarinyar ta yi magana, kuma wa ya ji ta?