Zare: shekarar da wata jami'a ta raba wa ɗalibai iPod kyauta

1/ Masu gardamar a bar ɗalibai da waya a aji ko a ƙwace, ku matso in ba ku tarihi. An taɓa gwada irin wannan a Amurka, da na'urar jin kiɗa ma kuwa.

2/ A watan Agustan 2004, Jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa ta ba kowane sabon ɗalibi iPod na kamfanin Apple. Mutum sama da 1,600, shirin ya ci kusan dala 500,000. Lokacin babu iPhone fa, sai a 2007 ta fito.

3/ Ba wayam aka miƙa musu ba. An loda kalandar karatu da bayanan makaranta a ciki, aka haɗa musu da ɗan makirfo na kamfanin Belkin da ake maƙalawa a kai. Ku riƙe zancen makirfon nan.

4/ Surutu kam an sha shi. Wasu suka ce talla ce kawai ake yi wa Apple da jami'ar, yara waƙa za su ji.

5/ A 2005 jami'ar ta fitar da rahoto. Kusan kashi 75 cikin ɗari na ɗaliban da aka tambaya sun yi amfani da shi wajen karatu. Abin da suka fi mora kuwa? Naɗar murya. Su naɗi lacca, su naɗi hira da mutane don bincike. Masu koyon harshe su saurari lafazi, su naɗi nasu, su gwada.

6/ Ni a ganina nan gizo ke saƙa. Inda malami ya tsara darasinsa da na'urar, kamar ajin harshe da na kiɗa, ta yi rana. Inda bai tsara ba, toh, kiɗan dai aka ci gaba da ji. Ga matsalar haƙƙin mallaka, ga murya ba ta fita tas a babban zauren lacca.

7/ Shekarar da ta biyo baya Duke ta daina rabon kowa-da-kowa. Sai wanda kwas ɗinsa ke buƙata.

8/ A sakandare kuma labari ya sha bamban. Yara suka gano ana iya naɗar amsa, a zura wayar kunne ta cikin riga, a shiga jarrabawa. A 2007 makarantar Mountain View a jihar Idaho ta hana shiga da su saboda satar amsa. Makirfon da aka yaba a Duke, shi ne dai.

9/ A shekarar ce kuma Apple ta buɗe iTunes U, inda a lokacin jami'o'i suka riƙa ɗora lacca kowa ya sauke kyauta. iPod ɗin kansa an daina ƙera shi a 2022, waya ta riga ta haɗiye aikinsa.